Hannun Labaran

Likita ya miƙa igiyar awo daga ƙugun Mati zuwa idon sawunsa, ya faɗi wani abu da Turanci, Malam Abdurrahim ya rubuta. Ya auna ɗaya ƙafar, sannan ya sa Mati ya tsuguna, ya tashi, ya taka zuwa gindin tsamiya ya dawo. Mati ya ƙara da ɗan tsalle, jama'ar da suka taru a ƙofar barikin Batsari suka kwashe da dariya.

Sammani maɗori bai yi dariya ba, amma ya ji sanyi a ransa. Shi ya ɗora cinyar nan bara, lokacin da wani sa ya take Mati a Ruma. Kwana goma da suka wuce hakimi ya aiko cewa wani likita Bature daga Katsina yana zaga ƙasa yana duba yadda karaya ke warkewa, wadda asibiti ta yi wa aiki da wadda maɗora suka ɗora, saboda haka kowane maɗori ya kawo mutanen da suka bi ta hannunsa cikin shekara uku. Wasu maɗoran suka noƙe, suka ce so ake a raba su da gadonsu. Sammani kuwa ya zo da mutum goma sha ɗaya, ya zaɓe su ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, Likita ya ce aikinka ya yi kyau," in ji Malam Abdurrahim, malamin asibitin da ke yi wa Baturen tafinta. "Ya ce ƙafar ba ta gaza 'yar'uwarta ba ko da faɗin yatsa."

"Ikon Allah ne, Malam. Mu dai kara muke jerawa mu ɗaure."

Da aka gama da mutanensa, sai aka kira Maude, wani ɗan dambe daga Darini. Ya taso yana dogara sanda. Sammani ya san labarinsa: shuri ya kai a filin dambe, ƙwaurinsa ya karye har ƙashi ya huda fata, aka ɗauke shi zuwa Katsina, wannan Likitan da kansa ya yi masa aiki ya sa masa ƙarfe. Maude ya kwance tsumman da ke ƙafarsa. Shekara ɗaya da rabi ke nan, amma har yanzu akwai wata 'yar kafa a tsakiyar tabon tana tsatsar mugunya, kuma ƙafar ta gajarce.

Sammani ya zaci Baturen zai ja shi bayan ɗaki. Sai ya ga ya durƙusa a nan gaban jama'a, ya latsa gefen ciwon, ya sunsuna tsumman, ya auna, ya yi ta jero tambayoyi. Kwana nawa ka yi kafin a kai ka? Me aka zuba a ciwon a gida? Yaushe zazzaɓi ya fara? Malam Abdurrahim yana rubuta amsa a littafin nan dai da ya rubuta ƙafar Mati.

Da Likita ya tashi wanke hannu, Sammani ya matsa kusa da malamin.

"Malam, wannan ba aikinsa ba ne?"

"Aikinsa ne, Baba."

"To, me ya kai shi tona wa kansa asiri a bainar jama'a?"

"Ai irin su Maude ya fi nema. Mutum arba'in ya yi wa aiki, bakwai suka lalace. Tun daga Dutsin-Ma muke bin su gida gida. Da ya jera bakwai ɗin nan a takarda, sai ya ga biyar daga cikinsu sun haura mako da buɗaɗɗen ciwo kafin su iso asibiti. Yanzu in irinsu ya zo ba ya sa ƙarfe sai ciwon ya tsabtata. Da waɗanda suka warke kaɗai ya duba, da har yau yana sawa."

Likita ya dawo yana share gumi, ya yi magana a gajarce.

Malam Abdurrahim ya fassara: "Yana tambaya, ko su ke nan duka? Babu wanda ɗorin bai karɓa ba?"

"Su ke nan," in ji Sammani.

Baturen ya dube shi jim kaɗan, ya gyaɗa kai, ya juya ga na gaba.

A sallar azahar Sammani ya kasa tuna ko raka'a uku ya yi ko huɗu. Bayan an sallame ya zauna a inuwar masallaci, mutanensa suka wuce kasuwa, don ranar tana ci.

Labaran yake tunani, ɗan ƙanwarsa Hansai. Kaka biyu da suka wuce babu ɗan kokawar da ke kai bayan Labaran ƙasa daga Ruma har Zakka. Ranar da suka kama da Armaya'u, wani mahauci na nan Batsari, suka faɗi tare, Labaran ya dafa ƙasa, hannunsa na dama ya karye dab da gwiwar hannu. Sammani ya ja, ya daidaita, ya jera kara ya ɗaure tamau, yadda mahaifinsa ya koya masa. Washegari Hansai ta zo ta ce yaron yana ta juyi, yatsunsa sun kumbura sun yi sanyi, ya ce ba ya jin su.

"Ɗan kokawa ne yake raki?" Abin da ya ce mata ke nan. "Ba a kwance ɗori sai ya kwana bakwai."

Da aka kwance, ƙashi ya kama sarai, amma hannun ya tafi. Damtsen ya tsotse, yatsun suka lanƙwashe ciki kamar ƙafar kaza, ba su ƙara miƙewa ba. Mutanen Ruma suka ce Armaya'u ne ya yi masa asiri. Sammani bai ce haka ne ba, bai kuma ce ba haka ba ne. Tun daga lokacin samarin Ruma ba sa sayen nama a rumfar Armaya'u, kuma ba a sake gayyatarsa fili ba.

Abin da Sammani bai taɓa yi ba sai yau shi ne jera ɗorin da ya lalace a hannunsa, yadda Likita ya jera nasa. Akwai wata mata a Safana, shekara tara ke nan. Akwai wani makiyayi tun mahaifin Sammani na da rai. Dukkansu a gwiwar hannu suka karye, dukkansu sun yi kukan yatsu a kwana na biyu, dukkansu an ce musu su yi haƙuri. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sannan ya jawo takalmansa.

Ya sami Labaran a layin masu kanwa, yana auna wa wata Bafulatana da hannun hagu, na daman yana cikin riga. Suka gaisa, ya tambayi lafiyar Hansai da yara. Sai da Bafulatanar ta tafi ya tsuguna.

"Labaran, so nake ka zo Likita ya ga hannunka."

"Kawu, me Bature ya sani game da sammu?"

"Ba sammu ba ne."

Labaran ya ajiye ƙwaryar awo.

"Ɗaurina ne. Na matse, hannun ya kumbura, jini ya rasa hanya. Uwarka ta zo ta faɗa mini, na kore ta. Da na sassauta a ranar, wataƙila da yanzu kana fili."

Hayaniyar kasuwa ta ci gaba a kansu. Wani ya tsaya ya taya kanwa, ya ga fuskokinsu, ya wuce.

"Tun yaushe ka sani, Kawu?"

"Na daɗe ina zato. Yau na tabbata."

"Shekara biyu ban amsa sallamar Armaya'u ba," in ji Labaran a hankali. "Har gida ya zo duba ni, na sa aka ce ba na nan."

Labaran ya ce wa maƙwabcinsa ya duba masa kaya, ya miƙe ya yi gaba, kawun nasa na biye.

Likita ya daɗe a kan hannun. Ya lanƙwasa wuyan hannun, yatsun suka ɗan saki. Ya miƙar da shi, suka koma suka dunƙule. Ya tsikari kowane yatsa da allura yana tambaya ko an ji. A ƙarshe ya ce naman damtsen ya riga ya mutu, kokawa kam ta ƙare, amma in Labaran zai zo Katsina za a gwada aikin da zai sa ya iya riƙe fartanya. Bai yi alkawari ba. Ya ce mutum uku ya yi wa irinsa, ɗaya ne ya amfana.

Sannan ya juyo ga Sammani. Bai yi faɗa ba, tambaya ya shiga yi: da me ya ɗaure, zagaye nawa, ko yatsa na iya shiga tsakanin kara da fata.

"Ba ya shiga," in ji Sammani. "Malam, ka faɗa masa akwai wasu biyu. Ɗaya ya rasu, ɗayar tana Safana, in yana so gobe in kai shi."

Mati da sauran mutanen Sammani sun dawo daga kasuwa, suna tsaye suna ji. Sammani ya san kafin magariba maganar za ta isa Ruma.

Labaran ya mayar da hannunsa cikin riga. Ya yi wa Likita godiya, ya yi wa Malam Abdurrahim sallama, ya wuce ta gaban kawunsa ya tafi. Sammani ya bi shi da kallo. Da Labaran ya kai mararraba bai karya ta layin kanwa ba, ya miƙe sosai ya nufi rumfar mahauta.

"Baba," in ji Malam Abdurrahim, ya tsoma alƙalami a tawada, "matar nan ta Safana, yaya sunanta?"

Sammani ya gyara zama a kan tabarma.

"Zuwairatu," ya ce. "Hannun hagu ne."