Layin Akawu Sifili Ne

Shekara talatin da biyar Akawu ya yi a ɗakin ajiye kati na asibitin ma'aikata, kuma da ya yi ritaya bai fito da komai ba sai tabarau biyu da wani littafi mai baƙin bango. A ciki ya jera sana'o'i layi-layi, ya rubuta maza nawa aka kawo daga kowacce da abin da ya kawo su. Babu wanda ya sa shi. Shi dai mutum ne da ba ya iya ganin abu biyu bai ƙirga su ba. Masu walda, ido. Mahauta, yatsu. Leburorin siminti, tari da ƙugu. Abin ya bi jikinsa har ya zama in maƙwabci ya ce ɗansa ya fara kanikanci, maimakon fatan alheri sai ya ce, "Babban yatsan hagu."

To, sai ga autansa, ƙato ɗan shekara ashirin da huɗu, ya ce shi rufin kwano yake so. Kawun Auta, wan mahaifiyarsa, sana'arsa ke nan, ya kuma ce zai ɗauke shi ranar Litinin, amma sai uban ya amince da bakinsa. In babu haka, akwai wani a layi. Akawu kuwa ya riga ya nema wa yaron kujera a wani ofis.

Ranar Asabar da yamma aka zauna a falo. Akawu ya gyara zama a kan matashinsa mai rami a tsakiya, ya sauya tabarau, ya buɗe littafi.

"Masu rufin kwano, ɗari da goma sha huɗu. Karaya, targaɗe, fashewar kai."

"Haba, suruki," in ji Kawu. "Shekara arba'in ina hawa, ga ni garau." Ya ɗaga hannu, sai ga yatsa ɗaya guntu.

"Wannan fa?"

"Ƙofar mota ce."

Akawu bai kula shi ba, ya bi layi da farce har ƙasa. "Akawun ofis kuwa, sifili. Ko mutum ɗaya. Ni ban san wasa ba, lissafi na sani."

Matarsa tana guga a bakin ƙofa. Ta ajiye dutsen gugar a hankali.

"Sake karanta min na akawu."

"Sifili."

"To wa nake gasa wa baya da ruwan zafi yau shekara ashirin? Wa durowar ƙarfe ta faɗo wa a ƙafa ya yi wata guda yana tafiya kamar agwagwa? Wa ya shaƙi ƙurar takardu har tarinsa ya hana kajin maƙwabta sakewa? Wannan matashin da ka ɗare kuma, na ado ne?"

"Ba a wannan maganar a gaban baƙi."

"Yayana ne. Me ya hana ka shiga littafin?"

Akawu ya cire tabarau ya goge, ya mayar. "Ai ban taɓa yankar kati ba. Mai ba da magani abokina ne, ta taga yake miƙo min."

"Sauran 'yan ofis fa?"

Akawu ya kalli littafin. "Su ma ta taga."

Kawu ya tuntsure da dariya har da buga cinya. Akawu ya ji kunya ta rufe shi. Shekara talatin da biyar yana ƙirga duk wanda ya shigo ta ƙofa, bai taɓa waiwayen taga ba.

"Baba," in ji Auta cikin ladabi, "ni in na zauna a kujera ji nake kamar an sa ni a durowa an kulle. Ina son in gama aiki in ɗaga kai in ga abin da na yi."

Gaskiyar magana, tsoro ne ke cin Akawu. A asibiti, ta gaban ƙofar ɗakinsa ake wucewa da waɗanda suka faɗo, yana jin kukan matansu kafin katin ya iso hannunsa. Bai iya faɗin haka ba, don haka ya koma kan abin da ya iya. Ya sa tabarau na biyu a kan na farko, ya shiga bin ƙananan rubutun da ya yi a gefen shafi, inda ya rubuta daga ina kowa ya faɗo. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, leɓensa yana motsi. Mutum tamanin da uku ba daga saman rufi suka faɗo ba, tsani ne ya zame da su.

Ya ɗago. "Wa ke riƙe muku tsani?"

Kawu ya sosa ƙeya da guntun yatsansa. "To, mukan dai tokare shi da dutse."

Akawu ya rufe littafin. "Ya je," ya ce.

Ranar Litinin da safe Auta ya isa wurin ginin, sai ya tarar da ubansa a gindin bango, da hular kwano da ta fi kansa girma, matashi a hammata. Ya riga ya ture dutsen gefe da ƙafarsa mai lafiya. Leburori suna ta ƙunshe dariya.

"Suruki, bayanka fa?" in ji Kawu.

"Bayana ba ya cikin lissafi."

Ya kama tsanin da hannu biyu. Auta ya taka, ya hau, tsanin ko gezau. Da ya kai sama ya leƙo.

"Baba, na hau. Ka saki, ka je inuwa ka zauna."

Akawu bai ko ɗaga kai ba. Ya ƙara damƙe ƙarfen.

"Ai za ka sauko," ya ce.