Ƙarƙashin Kwale-kwalen Dogo

Dogo ya sayi tsohon kwale-kwalen alminiyam a hannun wani masunci, ya ce shi zai yi masa fenti da kansa, don kuɗin da mai fenti ya yanka masa sai da ya riƙe baki. Ya goge jikin jirgin da samfefa har tafukansa suka yi kanta, ya sayo shuɗin fentin feshi na gwangwani, mafi araha a shagon.

Da ya fesa a tsakar gida, iska ta kwaso ƙura da ƙwari ta manna masa a ɗanyen fenti, aiki ya ɓaci. Sai ya ja jirgin cikin gareji ya kife shi a kan duro biyu. Dabararsa ita ce ya shiga ƙarƙashi ya fesa cikin jirgin daga ƙasa, yadda ƙura ba za ta sauka ba. Mahaifinsa ya ce ya bar ko taga ɗaya a buɗe. Dogo ya ce ai iskar ce ta ja masa asara, ya toshe ƙasan ƙofa da tsummoki, ya danna sakata ta ciki. Taurin kansa dai ba ranar ya fara ba.

Matarsa tana wanki a jikin bangon garejin. Tana jin ƙarar girgiza gwangwani, sai hucin feshi, sai tari. Ta ɗaga murya ta tsokane shi ko jirgin zai zauna a ruwa ko kuwa kifi za a kai wa kyauta. Ya amsa da dariya mai nauyi, kamar ta mai jin barci.

Can sai ta lura hucin feshin ya ɗauke. Ta saurari tarin, shi ma babu.

Ta buga ƙofa tana kiran sunansa. Shiru. Da ta janye tsumma guda daga waje, warin da ya fito ya sa idanunta hawaye nan take. Ta ruga ta kira surukinta, tsohon ya zo babu takalmi, ya dafa ƙofa yana cewa Dogo ya buɗe, uba ne ke magana. Muryarsa ta fara da faɗa, ta ƙare da roƙo.

Maƙwabcinsu mai walda ya iso da injin yankan ƙarfe, har ya jona wayar injin a wutar lantarki zai yanke sakatar. Matar ta tuna hoton harshen wuta da ke jikin gwangwanin, ta kama wayar ta fizge.

"Baba, ku hana shi. Tartsatsi ɗaya ya shiga ciki, mun ƙone Dogo."

Mai walda ya dubi injin da ke hannunsa, ya ajiye shi a hankali. Suka ɗauko gungumen katako su uku suna dukan ƙofar, kowane duka matar tana runtse ido, tana tsoron kada ƙarfen sakata ya goga wani ƙarfen. Daga ƙarshe ƙusoshin sakatar suka zare.

Cikin garejin hazo ne shuɗi, ba a ganin kowa. Tsohon ne ya hango tafukan ƙafa biyu a ƙarƙashin jirgin, ba sa motsi. Suka riƙe numfashi suka ja shi waje. Gashin idonsa da ƙofofin hancinsa duk shuɗi, leɓensa kuwa ba wanda ya iya cewa fenti ne ko ba fenti ba ne.

A bayan motar mai walda, kan hanyar asibiti, matar ta ɗora kunne a ƙirjinsa. Tsohon yana riƙe da kan ɗansa, ya kasa tambaya sai da ido.

"Yana bugawa, Baba," ta ce. "A hankali, amma yana bugawa."

Dogo ya yi wani tari mai tsawo, ya lalubo hannunta ya riƙe.