Ranar da Aka Buɗe Rudu

A bakin fadama na iske Labbo durƙushe, hannu ɗaya a mara, goshi ya kusa taɓa laka, kamar wanda ya yi sujada ya manta da tashi. Ɗana ne na fari, mai 'ya'ya biyar, amma ranar nan da ido kawai yake kirana. Ƙaba ce. Ta sauko, ya daɗe yana lallashinta kafin ta koma.

Tun kaka muke zarya daga Augie zuwa asibitin gwamnati a Birnin Kebbi. Mutanen kirki ne, ba zan ɗauki alhakinsu ba, sai dai likitan tiyata ɗaya ne, masu jira kuwa kamar ranar kasuwa. A sa mana rana, mu biya mota mu zo, a ɗaga. Zuwanmu na ƙarshe likitan ya ja ni gefe.

"Inna, wata rana za ta fito ta ƙi komawa. In ta same shi a gona, kafin ku nemo mota an makara."

Na ce da Labbo mu gwada asibitin kuɗi da ke unguwar Badariya, can Birnin Kebbi. Wata yarinya mai farin hijabi ta tarbe mu da murmushi, ta ce, "Kuna da inshora?"

"Muna da ita," na ce. "Tana Augie, an lulluɓe ta da ciyawa."

Ba ta gane ba, amma Labbo ya gane, ya ɓata rai. Rudunsa nake nufi, rumbun kara da ciyawa inda ya jibge albasar bana yana jiran damina, lokacin da buhu ke ninka kuɗinsa. A kanta ya ɗora burin injin ban ruwa.

"Inna, ba a taɓa rudun ga," ya ce a mota. "Wanda yab buɗe yanzu kyauta ya yi. Alhaji Tamba ya ce shi ranta min, in biya da shinkafa."

"Tamba dillali? Uban Tamba ma haka yac ce da babanka. Ina fadamarmu ta gabas yanzu?"

"Bashi hanji ne, Inna, yana cikin kowa."

"To naka hanjin ya riga ya fito waje. Kar ka ƙara mai wani."

Direba ya yi dariya. Labbo bai yi ba.

Ban jira yardarsa ba. Da aka ba shi gado a Badariya, na bar matarsa Rauda a kansa, na koma gida na kira Tamban nan dai, amma a matsayin mai saye. Ya zo yana shafa gemu, don ya san mai buɗe rudu a bazara ba ya ciniki da ƙarfi.

Aka yaye ciyawa. Albasar sama ja-wur, ɓawonta na ƙara kamar sabuwar shadda. Na ce a raina ashe na karya yaron nan. Masu kwasa suka ci gaba. Da suka kai tsakiya sai wani ɗumi ya taso, bayansa wari. Ɗayansu ya zura hannu ya fito da shi jiƙe.

Tamba ya toshe hanci da bakin rawani. "Hajiya, wa yag gaya miki?"

"Mi?"

"Ta fara ci daga ciki. Da kun kai damina, taki za ku kwasa."

Ban ce masa kowa bai gaya mini ba. Na bar shi yana zaton ina da wani sani, don mai jin tsoronka ba ya taya kayanka da wulaƙanci. Muka ware ruɓaɓɓiyar, mai kyan ta fi yawa nesa. Ta biya aiki, ta biya magani, har da canjin da na ƙulle a bakin zane.

Washegarin tiyata na same shi kwance, fuska ta washe, Rauda na ba shi kunu. Yana ganina ya juya kai bango.

"Sannu da jiki, maigida," na ce.

"Jiki da sauƙi. Inji dai ya tafi. Da kin yi haƙuri, Inna."

Na kwance ɗaya gefen zanena, na ɗora masa albasa guda a tafin hannu: baƙa, laushi tiɓis, tana tsatsafar ruwa. Ya juya ta, ya kai hanci, ya daɗe.

"Daga ƙasa?"

"Daga tsakiya."

Ya dubi albasar, ya dubi bandejin da ke mararsa. Sai ga ma'aikaciyar jinya ta turo ƙofa tana yamutsa fuska.

"Haba jama'a! Wa ya shigo mana da ruɓaɓɓen abu ɗakin mai ɗinki?"

Labbo ya dafe mara da hannu biyu, kafaɗunsa na rawa.

"Inna, don Allah fita da ita," ya ce. "An hana ni dariya."