Gidan Mai Ba Layi

Ranar bikin yaye ɗalibai a jami'ar da take karatu a ƙasar waje, Hansatu ce ta tuƙa motar da kanta. Aro ta yi wajen ƙawarta Kausar, don ba ta so mahaifinta, da ya taso tun daga Gusau, ya shiga cunkoson jirgin ƙasa da babbar riga mai sitaci. Ta shirya komai tsaf, saboda an gargaɗe su cewa duk wanda ya iso bayan an rufe ƙofar zaure ba zai hau dandamali ba. Allurar mai ce kaɗai ba ta duba ba. Suna barin unguwar Taman Melati fitilar mai ta kama.

Mahaifin nata, Alhaji Bala, na gefenta, rigarsa ta cika kujera har ta tumbatsa. Da ya ga fitilar, fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir. Tun da ya sauka a ƙasar nan ake jan sa kamar yaro, yau kuwa ga abin da ya sani. Shekara da shekaru yana da gidan mai a hanyar Sakkwato, ubansa ma a gindin famfo ya yi furfura.

"Kwantar da hankalinki, Uwata," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa gare ta. "Ke dai riƙe sitiyari. Zaɓen gidan mai nawa ne."

Ba su yi nisa ba sai ga wani, fes, famfuna a jere ba kowa. Ta kunna sigina. Ya ɗaga yatsa ya ce ta wuce. Gidan man da ba layi, a cewarsa, ko tankinsu ƙaf ne ko litarsu ta ɓarayi ce. Hansatu ta san a nan ba a layin mai. Amma ita da ko ido ba ta iya haɗawa da shi, ta ina za ta fara ce masa ya yi kuskure, kuma a kan sana'arsa? Ta kashe sigina ta wuce.

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ce a zamanin kakanta babu ma gidan mai, a kanti ake sayen fetur cikin garwa, kusa da sabulu da ashana, direba ya zo da mazurarinsa. Sai aka kawo famfon hannu mai kwalba a ka. Kakanta ya yi ta bugawa har mai ya hau kwalbar, ja kamar shayi, direba ya gani da idonsa, sannan a sake shi ya gangara tanki. Mutane kan baro kasuwa don kallo kawai.

Goggo Zainabu, ƙanwarsa, tana baya rungume da hular digiri. Ta ce tun suna yara famfon nan yake ƙara tsawo a bakin Yaya, bara ya kai soro, bana ta ga alamar zai taɓo benayen garin nan.

Suka wuce na biyu, suka wuce na uku. Alhaji ya fara jajanta wa mutanen ƙasar, wai ashe wahalar mai ta iso har nan, ga tituna kamar a lashe amma ba ɗigo. Dariya na taso wa Hansatu, kuka na biye da ita.

Dab da unguwar Bukit Jalil ya buga cinya. Ga motoci sun yi jerin gwano a gefen wani gidan mai. Ya ce maza ta shiga kafin a rufe. Ta karanta allon da ke sama, amma duk da haka ta shiga. Wata mota ta toshe bayanta. Layi na ta matsawa yana yabon saurin ma'aikatan, har hancin motarsu ya kai bakin wani rumbu mai duhu.

"Baba," ta ce, idonta a kan sitiyari, "layin wankin mota ne."

Ya juyo a hankali ya ce, "Waɗancan da muka wuce fa?"

"Duk da mai a ciki. Nan ba a layi."

Kafin ya ce uffan kumfa ta rufe gilashi, manyan burusai suka taso musu ta ko'ina suna kaɗawa. Goggo ta kife a kujera tana haki, tana cewa a taimake ta cikinta zai ƙulle. Alhaji ya daure, ya daure, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗo.

Motar ta fito tana walƙiya, ta yi tari sau ɗaya, ta mutu. Famfo na can gaba kaɗan. Alhaji ya naɗe hannun riga a kafaɗa ya fita turi, Goggo ta ɗaure mayafi a ƙugu ta kama masa, tana cewa ta biya kuɗin jirgi ta zo turin mota. A gindin famfo ya tsaya yana tafa hannu yana kiran mai zubawa. Hansatu ta fito cikin rigar digiri, ta ciro bututun ta zuba da kanta. Ya yi sakato yana kallo, can ya dafa motar ya fara jijjiga ta don mai ya zauna.

"Baba, ya isa. Shiga mu tafi." Wannan karon maganar ba ta yi mata nauyi ba. Ya shiga kuwa, ba musu.

Sun iso ana tura ƙofar zaure. Hansatu ta tattare riga ta zura da gudu, Goggo na biye tana miƙo hula. Matar da ke tsaron ƙofa ta dube ta sama da ƙasa, ta shaƙi ƙamshin fetur, ta yi murmushi ta ce da yarensu, "Boleh," wato za ta iya shiga, ta matsa mata.

Da aka kira sunanta ta hau dandamali. Daga can ƙarshen zaure Goggo Zainabu ta rangaɗa guɗa, mutane duka suka waiwaya.