Abin da Bishop Ya Rubuta da Hannun Hagu

Littafi bakwai mahaifina Bishop Elijah ya rubuta, kuma duk bakwai ɗin da yatsun nan nawa aka buga su. Ni ce Talatu, 'yarsa ta fari, mai buga tafireta a sakatariyar jiha a nan Katsina. Akwai na baftisma, akwai na gafara, akwai tambayoyi da amsoshi don sababbin masu bi, ga sharhin littafin Ayuba da fastoci ke yawo da shi daga Kafanchan har Jos. In ka tambayi Baba hanyar kasuwa ma sai ya ba ka amsa kashi uku da aya. Tambaya ɗaya ce tak ta gagare shi, kuma ni na yi masa ita.

Shekarar da sanƙarau ya shigo gari, ya ɗauke mini ɗana Joseph yana da shekara huɗu. A bakin kabari na kama rigar Baba a gaban jama'a na ce, "Baba, kai da ka san komai, ina Allah yake jiya da yaron nan ke kirana?" Ya buɗe baki, ya rufe. Can ya ce, "Zan rubuta miki." Washegari Lahadi ya sa rigarsa ya tafi wa'azi kamar ba a yi komai ba. Ba zan ɓoye ba, na ƙullace shi. Daga gidana a Ƙofar Kaura zuwa nasa a Ƙofar Durɓi ba wata tafiya ba ce, amma sai in yi wata biyu ban leƙa ba.

Shekara ta zagayo ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ya ajiye aiki. Ƙanwata Gloria ce ke kula da shi. In na je gaisuwa sai ya ce da bakinsa da ya karkace, "Littafin naki na nan tafe." Ni kuwa in ce a raina, da wane hannun? Ya rasu a Afrilun 1999, lokacin da rediyo ba ta da zance sai na sojoji za su koma bariki, farar hula za su karɓi mulki.

Bayan an share makoki na zo kwashe kaya, amma gaskiya littafina nake nema. Na zazzage durowa, na ɗaga katifa, na bi Littafi Mai Tsarki nasa shafi-shafi. Babu. Sai a ƙasan wata tsohuwar adaka na ci karo da ƙunshin takardu ɗaure da zare, sun kai arba'in, cike da rubutun larabci karkatacce. 

Ku da ba ku zauna cikin 'yan coci ba, ba za ku gane ba. Da ma akwai masu gunaguni cewa Bishop ya cika zama da malamai. Shekara talatin yana zama kan benci ɗaya da maƙwabcinsa Malam Babaji, suna gardamar addini har shayi ya huce. A ce an sami rubutun larabci a adakar Bishop? Kafin Lahadi labari ya zama laya, kafin wata ya zama tsibbu, littattafai bakwai su bi ruwa. Na tambayi Gloria, ta ce ita dai tana ganinsa yana zane-zane da hagu, ta ɗauka motsa hannu yake yadda likita ya ce. Ban ko saurare ta da kyau ba. Ni da nake taƙama da wayo!

Na san al'adar maƙwabtanmu: takarda mai rubutun larabci ba a yar da ita a bola, ƙona ta ake yi a wuri mai tsabta a binne tokar. Sai na naɗe ƙunshin a ɗankwali na kai wa Malam Babaji a zaurensa. Muka gaisa, ya sake yi mini gaisuwar rashi, ya tambayi maigidana, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiyar makoki.

"Baba Malam, wasu tsofaffin takardu ne na larabci, wani ya bari a gidanmu tun da daɗewa. A yi musu yadda kuke yi."

"Kin kyauta, ɗiyata. Ba kowa ke da wannan ladabi ba. Akwai nawa da suka tsufa, sai in haɗa."

Ƙarya na yi wa dattijo mai yanar ido, shi kuma ya yarda da ni.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, ina ɗaure kwanuka a tsakar gidan Baba, sai na ji sallama. Malam Babaji ne tsaye a bakin ƙofa, hannun rigarsa ya babbake, yatsunsa biyu sun tashi. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba, abin da ban taɓa gani ya yi ba.

"Talatu, mi kika sa na aikata?"

Ya miƙo mini takardu tara, gefensu baƙi. Ya ce ya zuba su a kasko tare da nasa, wuta ta kama, sai iska ta ɗaga ɗaya ta faɗo kan ƙafarsa. Da ya kai ta kusa da ido, sunana ya gani a layin farko. Ya sa hannu a wuta ya ciro abin da ya iya.

"Wannan ba larabci ba ne, ajami ne. Hausa ce tsantsa, irin wadda muke yi da ke yanzu. Kuma hannun Elijah ne."

Na ce Baba bai iya ajami ba. Ya dube ni kamar zai yi dariya, bai yi ba. Ashe tun Baba yana saurayi a Kafanchan, kafin makarantar tauhidi, ya koyi ɗinki wurin wani tela da ke rubuta awon mutane da ajami, a nan ya iya. Da hannun damansa ya mutu ya gwada boko da hagu, hannun na bi ta kan tawada yana gogewa. Ajami kuwa daga dama yake farawa, hagu na jan alƙalami ba ya taɓa abin da ya rubuta. Malam ya ce har tsiya ya yi masa, wai sai da tsufa ya dawo hanya, kuma da hagu. Amma Baba bai taɓa nuna masa takarda ko ɗaya ba.

Na zauna a kan turmi. Shekara uku ina jiran amsa, ta iso hannuna, ni da kaina na naɗe ta na kai wuta, don tsoron bakin mutane.

Malam ya sa tabarau, ya zauna a kan dakali. Kafin ya fara ya ce, "Zan karanta miki yadda yake. Amma duk inda na ce 'in ji Elijah', ki sani maganarsa ce, ba tawa ba."

Ya karanta a hankali, yana kai takardar har hanci.

"Talatu 'yata. Na gaya wa iyaye mata sun fi ɗari cewa nufin Allah ne, kuma ban yi musu ƙarya ba. Amma a bakin kabarin Joseph na nemi maganar a bakina na rasa. Kin ga na tafi wa'azi washegari, kin ɗauka ƙarfin bangaskiya ne ko taurin zuciya. Ba ko ɗaya. Fuskarki na guje wa. Na rubuta shafi ɗari biyu a kan Ayuba, sai yanzu na lura abokansa sun fi kyauta masa a kwana bakwai da suka zauna shiru. Ni ko wannan ban yi miki ba. In ji Elijah: a kabarin Li'azaru, Ubangiji ya san zai tashe shi daga matattu, duk da haka sai da ya fara yin kuka. Daga nan zan fara neman inda yake ranar da kika tambaya."

Takardu tara gabatarwa ce kawai. Sauran, inda ya yi neman, sun zama toka a kaskon Malam. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka binne Baba, kukan kunya da na kewa a haɗe.

Malam ya bar ni har na gaji. Sannan ya cire tabarau ya ce, "Wannan zance na kuka, na san shi. Shekara biyu, tun da ya kwanta, ba mu da wata gardama sai ita. Ya ce Allah na kuka da mai kuka, in ce subhanallahi, Allah ya fi ƙarfin haka, rahamarsa ba ta bukatar hawaye. Gobe ya dawo da sabuwar hujja, in rushe, jibi ya gyara ya kawo. Ni ina cewa so yake ya kayar da ni kafin ya mutu. Ashe ni dutsen wasa wuƙa ne, ke ake yi wa."

"To kun yarda da shi daga baya, Baba Malam?"

"Ko kusa. Har gobe ban yarda ba. Amma abin da mutum ya yi shekara biyu yana rushewa, ya san inda kowane tubali yake. Kuma hannuna ne ya kunna wutar. Amana ce." Ya dubi kayan da na ɗaure. "Ina injin da kike buga masa littattafai?"

Na kwance tafiretar Baba daga cikin kwali, na ɗora a kan bencinsu na ƙofar gida, na zura farar takarda. Masu wucewa suna kallonmu, ɗiyar Bishop da malamin unguwa. A karo na farko ban damu da abin da za su ce ba.

Kafin in ɗora yatsu na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina. "Ya taɓa ambaton Joseph? A gabana bai ƙara kiran sunansa ba."

Malam ya dubi yatsunsa da suka ƙone.

"Ba ranar da bai kira shi ba. Da shi yake buɗe gardamar, kuma in ya kira sai mun jira muryarsa ta dawo." Ya gyara zama. "Da nan za mu fara. Rubuta: in ji Elijah."