Ai Malam Yana Ciki

Bara'atu ba ta gama durƙusawa a zauren ba ta fara magana, abin da ba halinta ba ne.

"Allah ya gafarta Malam, injina zan sayar."

Malam Sharfaddeen ya cire tabarau ya ajiye a kan buzu. Ya san injin. Injin markaɗe ne da marigayi Shitu, mijinta, ya bar mata a Fammar, kuma da shi take ciyar da marayunta. Duk wanda ya bi ta ƙofar gidan da hantsi zai tarar da mata sun yi layi da bokitan wake da tattasai.

"Injin da kuke ci da shi? Me ya yi zafi haka?"

Sai ta kwashe labari ta gaya masa. Maƙwabciyarta Ramlatu ce ta kawo mata wata sana'a ta zaman ɗaki, ta kamfanin Tauraron Arziki. Za ka sayi kwalayen shayin ƙarin lafiya, ka kawo wasu su shiga ta ƙarƙashinka, su ma su kawo wasu, kai kuwa kana kwance kuɗi na shigowa. Yau da magariba ake rufe garaɓasar shiga, ga shi har an samo mai sayen injin.

"Da ma zuciyata ba ta kwanta ba," in ji ta. "Sai Ramlatu ta ce, ke tsoron me kike ji? Ai Malam yana ciki."

"Wane Malam?"

"Kai mana, Allah ya gafarta Malam. Har a waya na gan ka."

Sai Malam ya tuna. Kwanakin baya Jabiru, ɗan ƙanensa, ya ɗauke shi zuwa Rano don ya buɗe wa kamfanin taro da addu'a. To, mene ne Malam bai buɗe da addu'a ba a Kibiya? Suna, ɗaurin aure, sabon shago, kai har rijiyar burtsatse. Ya ɗaga hannu ya yi abin da ya saba, aka ba shi lemo da kwalin shayi guda, ya dawo gida. Ashe wani ya ɗauke shi a waya. Yanzu ga shi nan yana yawo cikin aljihun mutane da hannuwa a sama.

"Bara'atu, ni addu'a kawai na yi. Ban san me suke sayarwa ba."

"To, halal ne ko haram? Abin da ka ce shi zan yi."

Da tambayar gado ce ko ta idda, da kafin ta rufe baki ya ba ta amsa.

"Ki ba ni zuwa la'asar," ya ce. "Kada ki bari a kwance ko noti ɗaya a jikin injin nan sai na zo da kaina."

Bayan ta tafi ya leƙa cikin gida ya tambayi Hajiya Zubaida, matarsa, ina shayin nan da aka ba shi.

"Wannan abin? Sau ɗaya na dafa. Awaki ma na zuba wa suka kau da kai. Lafiya dai, Malam?"

Ya koma zaure ya jawo littattafansa, ya buɗe babin ciniki. Ya san ba a sayar da tsuntsu yana sama, ba a sayar da kifi yana ruwa. Amma wannan ga kwali a hannunsa, yana taɓa shi, har da hoton ganye a jiki. Haja dai akwai ta. To, ina haramcin yake? Zuciyarsa tana gaya masa akwai lauje cikin naɗi, amma ba a yanke wa mutane hukunci da abin da zuciya ta raya. Ya ji haushin kansa, ya kuma ji tsoro. Ya rufe littafin, ya sa hula, ya tare ɗan acaɓa zuwa Rano wajen Jabiru.

A bayan tasha kamfanin ke taron rufe garaɓasar, cikin wani ɗaki mai rufin kwano da ake haya don biki. Malam ya ƙi bin ƙofar gaba. Ya zaga ta baya ya sa aka kira masa Jabiru. Yaron ya fito cikin kwat da ta fi ƙarfin kafaɗunsa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ja shi wani ɗan ɗaki. Kwalayen shayi ne tun daga ƙasa har rufi, na ƙasan sun fara jiƙewa.

"Duk na wane ne wannan?"

"Nawa ne, Baffa. Sai da kaya ake hawa mataki."

"Jabiru, tambaya zan yi maka, ka ji tsoron Allah ka ba ni amsa. Shayin nan wa ke sayensa ya sha?"

"Baffa, ai ba shan ne abin dubawa ba. Tsarin ne."

"To, ribar daga ina take fitowa?"

"Daga sababbin shiga."

"In sababbin suka ƙare fa? Rano da Kibiya ai mun san juna."

"Sai a shiga Zurgu da ƙauyuka."

"In nan ma suka ƙare?"

Sai Jabiru ya ciro wata takarda mai hatimi daga jikin bango ya miƙa masa, ya ce kamfanin da rajistarsa. Malam ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa. Boko ne, kuma da Turanci. Hatimin dai kyakkyawa ne, ja wur. Iyakar abin da ya iya karantawa ke nan.

"Ni ban gamsu ba," ya ce. "Kuma ana cewa ina ciki. Dole in gaya wa mutane ba na ciki."

Sai Jabiru ya zube ƙasa ya kama gefen rigarsa.

"Baffa, ka rufa mini asiri. Gonarmu ta Madachi na jinginar. Innata ba ta sani ba. In ka ce haram ne yau, kowa zai watse, ni kuma na mutu. Wallahi ba cutar kowa na yi niyya ba, ni ma haka aka gaya mini."

Innalillahi! Malam ya dubi ƙeyar yaron. Shi ya yi masa huɗuba ranar da aka haife shi. In ya yi magana ya kashe ɗan ƙanensa, in ya yi shiru ya kashe marayun Shitu. Gaba kura, baya sayaki.

Bai kai ga yanke shawara ba sai mai gabatar da taro, wani dogon saurayi mai zaƙin murya, ya leƙo neman Jabiru. Yana ganin rawani ya juya ya kwarara cikin lasifika.

"Jama'a, kabbara! Malam da kansa!"

Kafin ya ce uffan an riƙo hannayensa biyu, ana ta "a hankali, Malam, ga matakala." Ya za ka yi da mutanen da ke girmama ka? Ka fizge hannunka a gaban jama'a? Aka zaunar da shi a kujerar gaba, kusa da wani baƙo daga Kano mai ƙaton agogo. Ɗakin ya cika maƙil da mata. Da yawansu shi ya ɗaura musu aure, wasu shi ya raɗa wa 'ya'yansu suna. Wayoyi suka tashi sama ta ko'ina.

Aka miƙa masa abin magana. Ya hango Jabiru a lungu, idanu jajir.

"Jama'a," ya ce, "ni malamin allo ne. Wannan kasuwancin ban gane kansa ba. Ban ce muku halal ne ba. Kowa ya yi bincike kafin ya sa dukiyarsa. Kuma don Allah kada wanda ya sayar da abin da yake ci da shi."

Iyakar abin da ya iya ke nan. Bai ce haram ba, don ba shi da hujjar da zai kafa, kuma ga idon yaron nan a kansa.

Mai gabatarwa ya karɓe abin maganar yana murmushi.

"Kun ji tawali'u irin na malaman ƙwarai! Malam ya ce a yi bincike. Shi ma binciken ya tako ya yi da ƙafarsa, kuma ga shi zaune tare da mu. Kabbara!"

Ɗakin ya amsa har kwano ya ɗauka. Malam ya ɗaga hannu yana cewa ba haka yake nufi ba, amma ba mai jin sa.

"Ga Malam ya ɗaga hannu, a yi shiru. Malam, a sa mana albarka."

Ya roƙi Allah ya tsare bayinsa daga asara, ya fitar da su daga hannun macuta. Aka ce amin da ƙarfi. Baƙon nan mai agogo ya fi kowa ɗaga murya.

Ko lemon da aka ajiye masa bai taɓa ba. Ya fito ya hau acaɓa ya ce Fammar kai tsaye, kuma a yi sauri. Duk hanya yana shirya abin da zai gaya mata. Ba zai ce halal ba, ba zai ce haram ba. Zai ce kawai, Bara'atu, ki riƙe injinki. Wannan kam ba ya bukatar littafi. Da sauran lokaci ma, ko kiran la'asar ba a yi ba.

Tun daga bakin lungu ya ji shiru. Babu ƙarar inji.

Wata kurkura ce tsaye a ƙofar gidan, an ɗora injin an ɗaure da igiya. Inda yake zaune da, sai baƙin mai a kan siminti da ramukan ƙusoshi. Wata tsohuwa na tsaye da bokitin jiƙaƙƙen wake, ta rasa inda za ta nufa.

Bara'atu ta fito da sauri, fuskarta a washe. Rabon da ya ga ta yi fara'a haka tun Shitu na da rai.

"Sannu da zuwa, Malam! Ai ba sai ka wahala ba. Ramlatu ta nuna mini a waya, ɗazu aka turo mata. Na gan ka a kujerar gaba. Wallahi sai na ji hankalina ya kwanta."

"Kin ji abin da na faɗa?"

"Kabbara ta yi yawa, ba a ji sosai. Amma na ga ka ɗaga hannu."

"Ba na ce ki jira ni ba?"

"Na ɗauka amsar ke nan ka aiko mini."

"Kuɗin fa?"

"Ramlatu ta raka ni wajen mai tura kuɗi. Sun tafi Kano tun ɗazu."

Malam ya juya wajen mutumin da ke ƙara ɗaure igiya. Ya roƙe shi, don girman Allah, ya sauke injin nan, a yi magana.

"Allah ya gafarta Malam, ciniki ya faɗa. Na biya, ta karɓa, da shaidu. Kai ka fi ni sanin hukuncin."

Ya kuwa fi shi sani. Wannan babin da safen nan ya karanta shi, babu inda ya shige masa duhu. Kurkura ta tashi, ta bi lungu tana tangaɗi, ya bi ta da ido har ta sha kwana.

Da ya waiwayo sai ya ga Bara'atu ta durƙusa, ta tara 'ya'yanta a gabansa, duk sun buɗe tafin hannu.

"A sa mana albarka, Malam. Allah ya sa mu fara a sa'a."

Ramlatu ta fito daga soro ta tsaya a gefe, ta ɗaga waya.

"Ramlatu, sauke wayar nan."

"To, Malam."

Ta sauke ta zuwa ƙirji, fuskar wayar na kallonsa. Malam ya gani. Ya dubi ƙananan hannuwan da ke jiransa. Wa ke hana marayu addu'a?

Ya ɗaga hannuwansa.