Warin Man Giya

Hantsi bai gama dubar ludayi ba Auta ya shigo gareji da tsohuwar a-kori-kurar mahaifinsu, ya hau da ita kan rami, ya bar injin a kunne. Sunan ne kawai Auta, furfura ta riga ta ci rabin gemunsa.

"Yaya, aikin nan ya samu," in ji shi tun bai sauko ba. "Litinin zan fara. 'Yar tirela ce da injin haƙa a kanta, kullum in ja ta zuwa wurin gini, can bayan doguwar hawar nan. Kwana shida a mako. Ka shirya mini tsohuwa."

Yayansa, wanda duk layin ke kira Mai Hanci, ya goge hannu ya ɗaga boneti. Giyar motar mai canza kanta ce, irinta kuwa zafi ne ajalinta. Shekara ashirin da ɗoriya tana yawo da ɗan kayan da bai taka kara ya karya ba. Jan nauyi a hawa kullum wani abu ne daban. In giyar ta saki a tsakiyar hawar, tirela na ja da baya, ba motar kaɗai za a rasa ba.

Ya zaro sandar awon man giya, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa, ya ɗiga man a farin tsumma. Ba ja ba ne kamar sabo, ba kuma baƙi wuluk ba. Ruwan ƙasa ne mai duhu, launin da ido ba ya iya yanke wa hukunci. A nan hanci ke karɓar aiki, a nan ma ya samo sunansa. In man tsufa kawai ya yi, a sauya shi, a sa sabuwar filta, a ƙara masa abin sanyaya, mota ta kama hanya. In kuwa ya ƙone, faya-fayan kulocin ciki sun cinye, sai an sauke akwatin giyar gaba ɗaya.

Ya kai tsumman hancinsa, ya lumshe ido yadda ya saba. Babu komai. Wata huɗu ke nan, tun zazzaɓin da ya kwantar da shi, ko fetur ba ya jin warinsa.

"To, alƙali, me ta ce?"

"Gaggawa aikin shaiɗan. Kashe injin."

Ya shiga rami ya kwance farantin ƙasan giyar, man ya zubo cikin daro. Ya duba maganaɗisun da ke manne a farantin. Laka ce mai laushi a jikinsa, ruwan toka, babu tsinin ƙarfe ko ɗaya. Ta fi yadda yake so yawa, amma ba ta kai a ɗora hannu a ka ba. Ita ma ta ƙi faɗa masa komai.

Sai ya koma ga abin da hannunsa ya sani. Ya ɗaure ƙaramin lagireto na man giya a gaban babban, inda iska ke fara bugawa, ya bi da tiyo ta yadda man zai ratsa tsohon kafin ya shiga sabon. Auta na miƙo sufana yana zuba.

"Waɗancan na sabon gareji sun ce a wanke cikin giyar da inji, minti ashirin an gama."

"Su wanke tasu. Tsohuwa irin wannan in ka tura mata mai da ƙarfi, dattin da ya kwanta sai ya tashi ya toshe hanya. Kuma ka ji ni, in kana jan kaya kada ka bar ta ta hau giyar ƙarshe. Ta yi ta hawa tana sauka, nan take dahuwa."

"Na ji, Yaya. Ka faɗa mini wannan tun ina da gashi a ka."

Da rana ta take, komai ya kammala sai mayar da faranti. Mai Hanci ya zauna bakin rami da tsumman a hannu. Kalma biyu ce kawai: lafiya lau. Auta zai yarda, don bai taɓa yi masa musu a kan mota ba, ko a kan komai ma. Wata huɗu yana lallaɓawa da ido da kunne, motocin mutane ba su kunyata shi ba, amma babu wadda aka ɗaura wa injin haƙa a baya. Ya dubi ƙanensa yana ƙoƙarin goge baƙin mai daga gwiwar wandonsa, yana ƙara shafa shi.

"Zo nan. Shaƙa."

Auta ya yi dariya. "Ni? Yau kuma gyartai ne ke neman a ɗinke masa ƙwarya?"

"Ba na jin wari, Auta. Tun zazzaɓin nan."

Dariyar ta tsaya. Auta ya tsuguna a gabansa, ya daɗe yana kallon hancin kamar zai gano inda ya lalace.

"Wa ya sani?"

"Uwar yara kaɗai. Ita ma don abinci ya ƙone ina zaune kusa da tukunya ne."

Mai Hanci ya tashi ya ɗauko galan na sabon mai, da wata kwalba da ya tara man wata mota da giyarta ta mutu bara. Ya jera su a kan benci, tsumman a tsakiya.

"Fara da sabon. Me ka ji?"

"Kamar... ɗan zaƙi-zaƙi. Ba daɗi, amma ba ya hawa kai."

"Yanzu kwalbar."

Auta ya kawar da fuska yana tari. "Kai! Kamar an manta dutsen guga a kan riga."

"To, namu. Kada ka yi sauri. Kada kuma ka tuna Litinin."

Auta ya shaƙa, ya fita ƙofa ya sha iska, ya dawo ya sake shaƙa. Mai Hanci na kallon fuskarsa, ya ga lokacin da ya so ya faɗi abin da zai fisshe shi, ya ga lokacin da ya fasa.

"Akwai ƙauri, Yaya. Bai kai na kwalbar ba, amma yana nan, can ƙasa-ƙasa."

Mai Hanci ya gyaɗa kai. "Sai mun sauke ta. Kwana uku, in an samu faya-fayan. Laraba za ka fara."

"In sun jira ni."

"In sun jira ka."

Auta ya zaro wayarsa ya fita. Ana jin muryarsa daga bakin ƙofa yana ta ba da haƙuri, yana ranka-ya-daɗe, har dai ya koma saurare. Da ya dawo bai faɗi yadda suka ƙare ba, yayansa kuma bai tambaya ba. Ya cire rigarsa ta sama ya rataye a ƙusa, ya zura ƙafa cikin rami.

"Miƙo jak ɗin. Wane noti za mu fara kwancewa?"